Gidan abincin awa 24 a Wuse 2: ƙofa a buɗe, kicin a rufe

Wurin nan na unguwar Wuse 2 a Abuja da ya kafa allo mai wuta yana cewa awa 24 yake aiki, ƙofarsa ce kawai take awa 24. Masu girki tun kafin sha biyun dare suke kama gabansu. Ba zan kama suna ba, masu yawon dare tsakanin Aminu Kano Crescent da Adetokunbo Ademola sun san irinsu, kuma ba shi kaɗai ke da wannan halin ba. Da rana na sha cin abinci a can ban taɓa samun abin kushewa ba, farfesunsu na kayan ciki har santi yake sa ni. Shi ya sa abin da suka yi mana da dare ranar Juma'ar nan ya fi ƙona min rai.

Kawuna ne ya taso daga Legas. Jirgin da aka ce na takwas bai sauka filin Nnamdi Azikiwe ba sai da sha biyu ta gota. Dattijo ne mai ciwon suga, rabonsa da abinci tun azahar, kuma da asuba zai bi motar farko ta Kano a tashar Jabi. Iyalina sun yi tafiya, gidan babu ko ɗumame. Tun daga Lugbe nake leƙen gefen titi har muka wuce filin wasa na Moshood Abiola, ko'ina tsit. Abuja gari ne mai kwanciya da wuri, in ka cire 'yan layukan Wuse 2 da wasu lunguna na Garki. Masu tsire ma da yawa sha ɗaya na yi sun kashe wuta. Ban ga laifin ma'aikata ba. Yawancinsu a Mararraba, Nyanya ko Kubwa suke kwana, acaɓa kuma an hana shi shiga cikin gari tun 2006, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo tun da aka cire tallafin mai a 2023, ga tsoron 'yan wan cans, masu yi wa fasinja fashi a motar haya. Wa zai tsaya gaban tukunya har ɗayan dare alhali ba shi da abin komawa gida? Na yarda. To amma sai a faɗa wa mutum gaskiya.

Wajen ɗaya saura muka shiga. Waje cike da motoci, kiɗa na tashi, samari na ta busa shisha a can gefe. Kawu ya kalle ni, na sunkuyar da kai. Yaron da ya tarbe mu Bahaushe ne mai ladabi, har da rusunawa. Na tambaye shi a fili: akwai tuwon alkama da miyar kuɓewa? Akwai farfesun kifi? Ya ce, "Akwai komai, yallaɓai." Na ce masa Baba ba shi da lafiya, a hanzarta. Ya ce minti goma.

Minti hamsin muka yi. Ina kallon hannun Kawu yana rawa a kan tebur, goshinsa ya fara tsattsafo da gumi duk da sanyin AC. Duk wanda ya taɓa zama da mai ciwon suga ya san abin da wannan ke nufi. Na leƙa kanta, aka ce yana zuwa. Na sake leƙawa, aka ce ana zubawa. Sai da na sa aka kawo masa lemo ya kurɓa kafin hankalina ya ɗan kwanta, lemon da likita ya hana shi.

Da abincin ya iso sai na gwammace jiran. Tuwon ya yi ɓawo ta sama, gefensa zafi kamar ya ƙona yatsa, tsakiyarsa sanyi ƙalau, alamar daga firij aka ciro shi aka jefa cikin injin ɗumama abinci. Miyar kuɓewa ta tsinke, ba ta da sauran yauƙi. Kifin kuwa tun kafin kwano ya sauka ƙarninsa ya riga shi isowa. Kawu ya kai loma ɗaya, ya ajiye, ya wanke hannu, ya ce, "Ɗana, wannan abincin ya kwana." Bai ƙara komai ba. Da na matsa wa yaron sai ya rage murya ya ce mai girki ta tashi tun sha ɗaya, da dare kaza da dankali da shawarma kawai ake soyawa, sauran duk kwantan rana ne. Na ce to me ya hana ka faɗa tun farko? Ya ce oga ya hana su ce wa kwastoma babu.

Duk wannan mai sauƙi ne. Aka kawo takardar kuɗi cif, babu ragin ko sisi, ga harajin VAT na kashi 7.5, ga wani kuɗin hidima a ƙasa. Hidimar me? Na ce a kira manaja, aka ce na dare ba shi da ikon ragewa. Saboda Kawu na haɗiye, na miƙa kati. POS babu netwok. Na yi tiransifa, banki ya cire kuɗin nan take, na nuna musu rasit a waya, suka ce su ba su ga alat ba. Muka tsaya ana ta latsa waya. Can sai na ji ƙarar ƙarfe, ashe an yi wa maigadi ido ya ja get. Mu za a kulle! Dattijo mai furfura, da carbinsa a hannu, a tsaye cikin 'yan shisha ƙarfe biyu da rabi na dare ana masa kallon wanda zai gudu da kuɗin tuwo.

Kafin in buɗe baki Kawu ya zura hannu cikin aljihun gaba, ya ƙirgo kuɗi ya ajiye a kan kanta. Na ce, "Kawu, don Allah ku bari." Ya ce, "Mu je kawai." Baƙona, ƙanin mahaifiyata, shi ya biya kuɗin abincin da bai ci ba, a garin da nake zaune. Wannan ce har yanzu take tsaye min a wuya.

Sai dai a faɗi alheri inda yake. Yaron nan ya biyo mu har mota, yana ba Kawu haƙuri kamar zai yi kuka, ya karɓi lambata, ya ce mu wuce Jabi kai tsaye, akwai mai shayi a bakin tasha da ba ya tashi saboda direbobi. Haka kuwa aka yi. Teburi ne na katako da benci da fitila mai caji. Cikin minti biyar aka soya wa Kawu wainar ƙwai da albasa da attaruhu a gaban idonsa, aka zuba masa ruwan bunu ba suga, ni kuma Indomie da haɗin kauri. Ba wanda ya ce akwai abin da babu. Da na tambayi hanta, mai shayin ya ce ta ƙare, shi ke nan. Kuɗin duka bai kai abin da aka ɗora mana na haraji da hidima a can ba. Muka ɗan runtsa a mota, aka kira assalatu, muka yi sallah da 'yan kamasho. Kafin mu fito mata sun ɗora kaskon ƙosai, koko na tururi, ana ta kiran Kaduna, Zariya, Kano. Tashar ta fi Wuse 2 rai nesa ba kusa ba. Motar Kawu ta cika ta tashi gari bai gama wayewa ba, na biyo ta gefen tafkin Jabi, masu motsa jikin Asabar har sun fara taruwa da tabarminsu da lasifika.

Wajen tara na safe yaron ya kira, ya ce kuɗin sun shigo, manajan rana zai mayar. Kafin azahar na ga alat. A lokacin har na ji zuciyata ta yi sanyi, na ce ai mutanen suna da amana, netwok kuma ba su suka yi shi ba. Sai da na duba da kyau na ga sun zaftare wani abu, wai cajin banki. Ba yawansa ba ne. Babu wanda ya ce a yi haƙuri da rufe get, babu wanda ya ambaci kifin. Shekaranjiya na wuce ta wajen, allon yana nan yana walƙiya, awa 24.

Da rana zan iya komawa don farfesun, ban yi rantsuwa ba. Yaron kuma in da gyara a hannuna da an ƙara masa albashi. Amma bayan sha ɗaya, ko shawarma ce sai an naɗe ta ina gani, kuma da tsabar kuɗi a aljihu. Kawu bai ce zai faɗa wa kowa ba, amma zuwa la'asar Umma ta kira ni daga Kano, ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba, wai da gaske ne na bar ƙaninta ya biya kuɗin abinci a Abuja?