Barbarar allura ga shanu: aiki ne mai kyau, amma ba kowane garke zai ci ribarsa ba

Masu aikin barbarar allura, wato ɗura wa saniya maniyyin bijimin waje ba tare da an kawo bijimin ba, sun yawaita a Kano, Kaduna da Filato. Wasu ma'aikatan gwamnati ne, wasu likitocin dabbobi ne masu zaman kansu. Alkawarinsu ɗaya ne: Bunajinka da ke ba da lita 1 zuwa 2 a rana za ta haifa maka 'yar ruwa biyu mai ba da lita 8 zuwa 10. Alkawarin ba ƙarya ba ne. Cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika, kusa da Zariya, ta daɗe tana haɗa Bunaji da Friesian, wato shanun Turai masu yawan nono, kuma bambancin nonon a bayyane yake. Abin dubawa shi ne yadda ake yin aikin, da kuɗin da ke biyo bayansa.

Mai aikin kirki ana gane shi tun daga tulunsa. Maniyyin yana cikin siraran tsinkayen roba, a nutse cikin ruwan naitirojin da ke cikin tulun, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Idan ruwan ya ja ƙasa ba a ƙara ba, maniyyin ya mutu, kuma ido ba ya gani. Ka sa a auna zurfin ruwan a gabanka. Tsinken da aka zaro ana narkar da shi ne a ruwan ɗumi mai digiri 35 zuwa 37 na kamar daƙiƙa 30 zuwa 45, a goge shi tas domin ɗigon ruwa na kashe maniyyi, sannan a ɗura cikin minti 15. Wanda ya narkar da shi a tafin hannu ko a aljihun riga, kada ka bar shi ya taɓa maka saniya. Ka kuma karanta rubutun jikin tsinken, akwai sunan bijimin da jinsinsa.

Inda aka fi yin asara shi ne lokaci. Saniya na neman barbara duk bayan kwana 21 ko kusa da haka, kuma shanunmu na gida ba sa daɗewa a ciki, sau da yawa ma da dare abin ke zuwa. Alamar da ba ta ƙarya ita ce ta tsaya cak wata ta hau ta, ga majina fara mai yauƙi daga bayanta. Wadda aka gani da safe a ɗura mata da yamma, wadda aka gani da yamma a ɗura mata washegari da safe. Mai aikin da ba ya ɗaga waya, ko ya ce sai jibi, ya jawo maka ciyarwar sati uku a banza. Wasu kan yi allurar daidaita lokacin neman barbara sau biyu, kwana 11 tsakani. Tana aiki, amma tana zubar da ciki, don haka dole a fara duba kowace saniya. Ko a hannun gwani, kusan rabi ne ke ɗauka a karon farko. Shi ya sa tun wajen ciniki ya kamata a yanke ko kuɗin ya haɗa da maimaici da duba ciki bayan wata biyu.

Kuɗin allurar shi ne mafi ƙanƙanta a lissafin. Ciki wata tara ne da 'yan kwanaki, karsanar kuma sai ta kai shekara biyu zuwa biyu da rabi kafin ta haihu, in ta samu ci. Kusan shekara uku ke nan kana zuba kuɗi ba ka ga nono ba, kuma kusan rabin 'yan maruƙan maza ne, sai dai a turke su don nama. Idan ta fara tatsuwa, kowace lita 2 zuwa 2 da rabi tana neman kilo 1 na haɗin dusa da ƙulin auduga, ban da harawa da ciyawa, ga ruwa aƙalla lita 60 a rana. 'Yar ruwa biyu ba ta jure doguwar tafiya da zafin watan Afrilu, kaska da kirci (ciwon fata) da sammore (ciwon da ƙudan tsando ke yaɗawa) kuma sun fi saurin kayar da ita. Da zarar jinin waje ya wuce kashi uku cikin huɗu, wahalar ta kan ninka. Ga ƙananan karsana, maniyyin Jersey, wani jinsin shanun Turai mai ƙaramin jiki, ya fi na Friesian sauƙin haihuwa, nononsa kuma ya fi maiƙo.

Sai kasuwa. Ɗanyar madara ba ta wuce 'yan awoyi ba tare da sanyi ba. Wanda ke kusa da cibiyar tara madara mai firiji, ko yake da masu sayen kindirmo kullum, kuma yana da rijiya, inuwa da rumbun harawa na rani, wannan aikin zai biya shi, ya fara da shanu biyar masu jiki waɗanda aka gwada ba su da bakkale, ciwon da ke sa saniya ɓari. Makiyayin da ke tafiya mashekari duk rani kuwa, zaɓaɓɓen bijimin Bunaji ko Bokolo daga uwa mai nono ya fi masa amfani nesa ba kusa ba.