Gangaren Murren ko na Sunnegga, wanne za ka bi?

In Allah ya kai ka Suwizalan lokacin bazara kana son takawa cikin tsaunukan Alps ba tare da ka jigata ba, ga hanyoyi biyu, duk gangare ne.

Daga ƙauyen Murren zuwa ƙauyen Gimmelwald bai kai awa ɗaya ba, hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, har yara da dattijai ma suna bi. Za ka wuce gidajen katako da itace jere a gindin bango, ga shanu da ƙararrawa a wuya, ga tsaunin Jungfrau a tsallaken kwarin, kuma in ka iso akwai motar kebul da za ta sauke ka ƙauyen Stechelberg da ke cikin kwarin.

Ta Sunnegga kuwa, wani tudu a saman garin Zermatt, sai an ɗan shirya mata gaskiya. Jirgin ƙasan da ke ratsa cikin dutse ne zai haura da kai daga Zermatt zuwa Sunnegga mai tsayin mita 2,288, daga nan ka gangaro ta ƙauyen Findeln har Zermatt, kusan awa biyu, tsaunin Matterhorn na gabanka ɓaro-ɓaro, amma fa gwiwa za ta ji a jikinta don saukar ta haura mita 600, dole takalmi mai riƙe ƙasa.

Mai iyali ya bi Gimmelwald kawai. Ni dai in gwiwa lafiya lau, Findeln zan bi, da sassafe kafin gajimare ya rufe dutsen.