Ofishin lauyan da ya rubuta mana takardar neman afuwa

Jama'a wallahi na ji daɗin aikinsu kan maganar ƙanina da ke gidan yari. Tun zaman farko barista ya ce mana laifin na dokar jiha ne, don haka gwamna ke da ikon afuwa a sashe na 212 na kundin tsarin mulkin 1999, shi ma sai ya tuntuɓi kwamitin da ke ba shi shawara, na shugaban ƙasa sashe na 175 ne, laifukan tarayya kenan. Bai yi mana alƙawarin ƙarya ba, ya ce afuwa ba ɗaukaka ƙara ba ce, wani lokacin wa'adin kawai ake ragewa.

Matsalarsu ɗaya ɗaga waya, sai ka kira sau biyar. Amma takardar ta tsaru, an shigar, muna jira.