Kwana huɗu a motar kwana: San-Malo cikin sanyin Kirsimeti

Maigida ne ya kawo shawarar, ni kuwa na yarda saboda yara. Makarantun Faransa suna hutun mako biyu a ƙarshen Disamba, sai muka yi hayar irin motar nan mai gado da kicin da bayi a ciki, muka tashi daga birnin Ren zuwa San-Malo da ke bakin teku a arewa maso yammacin ƙasar, tafiyar da ba ta wuce kilomita 70 ba.

Motar kanta ba ta da laifi. Nauyinta bai haura tan 3.5 ba, don haka lasin tuƙi na ƙaramar mota ya wadatar. Gadon yara a sama yake, har suna rigimar wa zai fara hawa. Murhun ma ya dafa mana shinkafa da miya lafiya lau.

Inda gizo ke saƙar shi ne raɓa. Numfashin mutum huɗu a ɗan akurkin ɗaki, waje kuma sanyi, sai mu farka gilasai na zubar ruwa kamar randa, gefen katifa ya jiƙe sharkaf. Kullum da asuba da tsumma nake fara aiki kafin alwala. Yawancin wuraren kwanan irin waɗannan motoci a rufe suke da hunturu, wanda muka samu kuma an kashe famfonsa don kada bututu ya daskare. Da jarka muka riƙa neman ruwa, sai ka ce a gida lokacin bazara.

Haushina na kan kamfanin hayar. Tukunyar gas rabi suka ba mu, ba su ce uffan ba, alhali da ita ake ɗumama motar. Dare na uku, wajen ƙarfe uku, ta ƙare. Na ce, "Baban Hamza, tashi, iskar nan sanyi take hurowa." Haka muka tattara yara a gado ɗaya, muka lulluɓe su har da dardumar salla. Gari ya waye 25 ga wata, shaguna duk a kulle.

Birnin kuwa ya biya mu. Ganuwar dutse ce ta kewaye tsohon gari, ana tafiya a kanta kusan kilomita biyu, teku a hannu ɗaya, rufin gidaje da fitilun Kirsimeti a ɗaya. Wanda bai sani ba zai rantse ginin ɗaruruwan shekaru ne, alhali a watan Agusta 1944 yaƙi ya rushe kusan kashi 80 cikin ɗari na cikin ganuwar, aka sake ginawa da dutse. Daga nan matuƙin jirgin ruwa Jacques Cartier ya tashi a 1534 ya isa ƙasar da ake kira Kanada yau.

Abin da ya fi ɗaure wa yara kai shi ne teku. Idan ya janye, ana takawa da ƙafa har tsibirin Grand Bé. Bayan 'yan sa'o'i hanyar ta nutse, domin ruwa a nan yakan tashi har mita 12. A duba jadawalin ruwa kafin a tsallaka, rana kuma biyar da 'yan mintuna take faɗuwa.

Wainarsu ta garin wani baƙin hatsi da ake kira galette akwai daɗi, amma yawanci da naman alade take zuwa. Mu dai mun ce a sa ƙwai da cuku kawai. Hamza ya ci biyu, ya nemi ta ƙanwarsa.