Tsohuwar motar gudu a Damagaram: me za a saya don gyaran tsatsa da ƙafa

Motocin gudu da ke yawo a Damagaram ba su da yawa, kuma galibinsu sun ba shekara 20 baya: BMW E36 da E46 masu ƙofa biyu, Peugeot 406 Coupé, Golf GTI, jefi-jefi Toyota Celica ko Mercedes SLK. Mai irin wannan mota matsala biyu yake fama da su, tsatsa a gangar jiki da ƙafa (kayan da ke haɗa taya da jikin mota) mai ƙwanƙwasa, kuma kowacce da inda ta fito. Tsatsar yawanci ba tamu ba ce. Ruwan samanmu daga Yuni zuwa Satumba ne, sauran shekara iska a bushe take, ƙarfe ba ya saurin ruɓewa a haka. Daga Turai motar ta taho da ita, inda ake zuba gishiri a hanya lokacin sanyi don ƙanƙara ta narke. Abin da ƙasarmu ke ci shi ne roba da amortisa, wato bututun da ke shanye girgizar hanya: zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, ƙurar hunturu, ramuka da gargadar hanyar ƙasa.

Kafin ka sayi ko da bulon guda, ka tsayar da jerin aikin: ƙarfe da farko, sai ƙafa, fenti a ƙarshe. Ƙafar mota a jikin ƙarfen take ɗaure. In wurin da amortisa ke zama ya ruɓe, sabuwar amortisa mai ƙarfi sai ta ƙara tsaga shi.

Dubawa kafin ciniki

Ka kai motar gareji mai rami, ka shiga ƙarƙashinta da tocila, turnabis da ɗan mayen ƙarfe. Fara da dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, musamman ƙarshensa na baya kusa da taya, da wuraren da ake kafa jak. Inda baƙin shafen ƙasan mota ya kumbura, danna bakin turnabis. Lafiyayyen ƙarfe ba ya motsi, ƙararsa tsaf take fita. Ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji ya lotsa, ɓawo mai launin ƙasa ya zubo maka a hannu, wani lokaci har da busasshen taɓo da ya shekara a ciki. Mayen ƙarfe na gefen taya ne da ƙasan ƙofa: inda ya ƙi kamawa, mastik ne, wato ƙullun cike lotsawa, mai kauri aka ɓoye a ƙarƙashin fenti. Ɗaga kafet, ɗaga tayar safaya, ka leƙa ƙarƙashin batir.

Kowace mota da wurin da take ciwo. E36 gefen tayoyin baya da wurin jak. E46 ta yi suna da tsagewar ƙarfen bene, wato ƙasan motar, a inda aka ɗaure shasin ƙafar baya, har akwai faranti na ƙarfafawa da ake sayarwa don wannan wurin kaɗai. Mazda MX-5 ramukan zubar ruwan rufinta ne ke toshewa, ruwa ya kwanta cikin ƙarfen ƙasan ƙofa ya ci shi daga ciki, kuma samfurin 1998 zuwa 2005 har ƙarfen shasin gaba yakan ruɓe. Ra'ayinmu a nan ba shi da sassauci: motar da tsatsa ta huda wurin ɗaurin ƙafa a ɓangarori biyu ko uku, in ba ka riga ka mallake ta ba, bar ta. Wadda fentinta ya ƙone da rana amma ƙasanta lafiya ta fi mai ƙyalli da aka cika da mastik.

Ƙarfen faci da irin walda

Hanya uku ce ta samun ƙarfen da zai maye gurbin ruɓaɓɓen. Ta farko, a yanko ɓangaren daga wata mota irinta da ta yi hatsari ko injinta ya mutu. Siffa da kauri na masana'anta ne, ya fi komai zama daidai, amma sai ka leƙa bayansa, don ita ma wataƙila daga ƙasar gishirin ta zo. Ta biyu, sabon ɓangare da aka buga don gyara, ana samunsa ga BMW, Golf da MX-5, sai dai yakan so gyaran guduma kafin ya zauna, ga kuɗin dako. Ta uku, tolye, wato mai gyaran jikin mota, ya yanka sabon tol (fallen ƙarfe) ya lanƙwasa da hannu. Ga bene da ƙananan ramuka wannan ya wadatar, kuma shi ne mafi araha, da sharaɗin kaurin ya dace: milimita 0.8 zuwa 1 ga fatar jiki, 1.2 zuwa 2 ga ƙarfen da ke ɗaukar nauyi. Kwanon rufi da gwangwanin tsohon firji ba kayan faci ba ne. Kwanon ma shafen zinki gare shi, hayaƙinsa a wuta yana sa zazzaɓi.

A kan walda ne ake yawan asara, don haka a nan ya kamata ka tsaya ka zaɓi mai aiki. Waldar baget, wadda ake yin ƙofofi da tagogi da ita, tana huda tol mai 0.8 nan take. Ta dace da ƙarfe mai kauri kawai. Waldar gas ta karbir ita ce a ko'ina, kuma hannun da ya ƙware yana fitar da aiki mai kyau da ita, sai dai zafinta yana bazuwa nesa, ya murɗe faffaɗan tol, ya ƙone kariyar da ke bayan ƙarfen. Wasu kuma sukan cika haɗin da jan ƙarfe don ya yi sauri, wanda bai kamata ya kusanci wurin ɗaukar nauyi ba. Wadda ta fi dacewa ita ce MIG, wato waldar na'urar da ke turo waya da kanta, da waya mai 0.6 ko 0.8 da iskar argon gauraye da CO2. In akwai mai ita kuma ya iya, ƙarin kuɗin ya cancanta.

Ko da wacce za a yi, ka sa ido a kan abu huɗu. A yanke tsatsa har sai an kai farin ƙarfe, da ƙarin santimita 2 bayansa. A haɗa faci baki da baki, kada a ɗora shi a kan ruɓaɓɓen, don tsakanin tol biyu nan ruwa ke kwana. A yi waldar ɗigo-ɗigo, tazarar santimita 2 zuwa 3, ana tsallakawa ana barin ƙarfe ya huce. Sannan motar da rufinta ke buɗewa, sai an tokare bakin ƙofa da ƙarfe kafin a yanke ƙasanta, in ba haka ba jikin ya lanƙwashe, ƙofa ta daina rufuwa daidai har abada. A cire batir, a janye kafet da wayoyi, kuma in aikin kusa da tankin mai ne a sauke tankin gaba ɗaya. Tankin da aka juye ya fi cikakke haɗari, tururin man ne ke fashewa.

Abin da za a shafa

Maganin tsatsa na ruwa, mai sinadarin fosforik, yana aiki a kan tsatsar sama da aka riga aka kankare da burushin waya. Ba ya mayar da ƙarfen da ya tafi. Jan antiruy (fentin hana tsatsa) na gwangwani, irin na ƙofar gida, araha gare shi amma ba ya jituwa da fentin mota na zamani. Abin da ya dace a kan farin ƙarfe shi ne firamar epoksi mai haɗi biyu, wato shafin farko kafin fenti, shafi biyu, domin ita ba ta barin ruwa ya ratsa. Mastik sai a bayanta, kuma kada kaurinsa ya wuce milimita 3. Mastik yana shan ruwa, in ya yi kauri zafin rana ya tsaga shi, damina ɗaya ta isa tsatsa ta dawo. Gugarsa da takardar guga mai lamba 80 sannan 180, firama da 320 zuwa 400. Layin walda a bi shi da abin toshe haɗi na poliyuretan, ciki da waje.

Cikin ramukan ƙarfe, inda burushi ba ya kaiwa, kakin kariya ake fesawa da siririn tiyo bayan an gama fenti. Baƙin man inji da wasu ke fesa wa ƙasan mota yana kumbura roba, yana kama yashi, ka guje shi. Baƙin shafen kwalta kuma a kan ƙarfe mai tsabta kawai ake sa shi, in an rufe tsatsa da shi ci take yi a ɓoye.

Lokacin fenti ma zaɓi ne. Tsakanin ƙarshen damina da shigowar hunturu, wato Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ƙura ba ta yi yawa ba. A fesa da sassafe, a yayyafa ruwa a ƙasan rumfar, a sayi sinadarin busarwa mai jinkiri wanda aka yi don zafin da ya haura digiri 30. Mai saurin yana bushewa kafin ya kwanta, fenti ya fito da ƙuraje. Fenti mai haɗi biyu yana ɗauke da isosiyanat mai lalata huhu, rawani ko ƙyalle a hanci ba ya tare shi. Saya wa mai fentin abin rufe hanci na gaske cikin kuɗin aikin, haƙƙinsa ne.

Amortisa da resor

Alamar mutuwar amortisa a garin nan ba ta ɓuya: mai ya tsattsafo, ƙura ta manne masa, sai ka ga baƙin zobe mai danƙo ya gangaro a jikin bututun. Taya kuma tana cinyewa tudu da kwari.

Amortisa ta hannu, wadda aka ciro daga wata mota, caca ce. Danna ta da hannu ba ya nuna yadda za ta yi in ta ɗauki zafi. Ga mota mai gudu, sabuwa ce shawara, biyu-biyu, gaba tare ko baya tare. Masu bututu biyu irin Sachs, KYB Excel-G, Monroe da Bilstein B4 suna mayar da mota yadda ta fito daga masana'anta, da laushi da sauƙin kuɗi, kuma ga mai yawo cikin gari da kwaltar Mirriya ko Matamaye sun isa. Kafin a ɗaura su a tsayar da su a danna sau huɗu ko biyar don iska ta fita daga man. Mai bututu ɗaya irin Bilstein B6 ta fi saurin fitar da zafi, ba ta yin kumfa a doguwar gargada, shi ya sa ta dace da mai bin hanyar Tanut ko ƙauyuka. Tsada gare ta, ta fi tauri, kuma in dutse ya lotsa bututun ta gama aiki. Koni mai launin rawaya ana iya daidaita taurinta, abin sha'awa ne ga wanda ya san abin da yake nema.

Abin da ba mu ba da shawara ko kaɗan shi ne saukar da mota. Resor (murɗaɗɗen ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota) da ke rage tsayi da milimita 30 zuwa 40, da amortisar Bilstein B8 da aka yi dominsa, da amortisa mai zare da ake murɗawa, duk don shimfiɗaɗɗiyar kwalta aka yi su. A nan tudun rage gudu zai fasa kaskon mai, yashi ya cika zaren ya ƙi juyawa. Resor na asali, tsayi na asali. In tsohon ya zauna ko ƙarshensa ya karye, a canja biyun. Matse resor sai da na'urarsa, ɗaure shi da waya ko igiya yana iya kashe mutum. Janti (ƙarfen da taya ke zama a kai) mai inci 15 ko 16 da taya mai kaurin gefe ya fi inci 18 kare ƙafar, muddin birki ya samu wurin zama.

Kada a manta da kupel na sama (mazaunin kan amortisa), robar tsayawa da rigar ƙura. Ƙananan kaya ne, amma amortisar da sandarta ke tsirara a cikin ƙurarmu ba ta daɗewa.

Silambulok da rotil

Silambulok shi ne abin da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe a mahaɗar ƙafa don rage girgiza. Na roba ko na poliyuretan? Poliyuretan, irin Powerflex, ba ya tsagewa da zafi kuma yana sa sitiyari ya yi kaifi. Amma juyawa yake a kan hannun ƙarfe, dole sai da giris, giris kuma yana kama yashi ya zama abin guga, ga ƙara. Robar kirki daga Lemförder ko Meyle ba ta son giris, murɗewa take a cikin kanta. A ganinmu roba ce ta ko'ina, poliyuretan a bar shi ga sandar hana tangaɗi, inda cirewa da wankewa ba wuya. Robar da ake yankowa daga tsohuwar taya ta fitar da mutum daga daji ce kawai.

Kuskuren da ke kashe sabon silambulok cikin ƴan watanni shi ne ɗaure bulon ɗinsa mota tana rataye a jak. In an sauke ta, robar ta zauna a murɗe. A bar bulon sako-sako, a sauke mota a kan tayoyinta a bisa rami, sannan a ɗaure. A E46 robar bayan triyangil (hannun ƙarfen da ke riƙe taya) na gaba ce ke fara mutuwa, alamarta sitiyari ya yi rawa in an taka birki. A Peugeot 205, 206 da 306, in tayar baya ta kwanto ciki daga sama, boris ɗin cikin gatarin baya ne ya cinye, canjin amortisa ba zai gyara ba. Rotil kuwa, wato mahaɗa mai ƙwallon ƙarfe da ke juyawa, robar da ta rufe shi ake dubawa, da ta yage yashi ya shiga.

Inda za a samo

Kayan Peugeot, Golf da Toyota ana iya dacewa da su wurin masu piyas na cikin gari. Na BMW da Mercedes galibi sai Kano, kimanin kilomita 240, inda kasuwar Ƙofar Ruwa ke da sababbi da na hannu, ko a aiko daga Yamai. Jabu yana da yawa a kwali mai suna babba. Duba lambar da aka buga a jikin ƙarfen ta yi daidai da ta kwalin, duba tsabtar walda da nauyi, kuma farashin da ya faɗi ƙasa da rabin na saura abin tuhuma ne. In daga Turai za a yi oda, yuro ɗaya sefa 655.957 ne, wato ka ninka da 656, ka ƙara dako da kuɗin duwan. Oda da lambar shasi mai harafi da lamba 17 ake yi, domin E46 mai silinda huɗu da mai shida ba resor ɗaya suke ɗauka ba.

Bayan an ɗaura komai, a kai mota paralelisim, wato saita tayoyi, na ƙafa huɗu a kan na'ura, igiya da ido ba su isa motar da ƙafar bayanta ma ake saitawa ba. In ta yi kilomita 500 a koma rami a sake bin bulon ɗin ƙafa da bakin kowace walda.