Gargaɗi: mai sayar da tsoffin fataka a Kumasi ya ci mini sidi 6,400

Kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Sidi 6,400. Kuɗin da na ware na ƙarin jarin shago, na ƙirga da hannuna na miƙa wa mutum yana yi mini addu'a.

Kada wani ya ce ban san kaya ba. Na fi shekara goma ina tara kuɗin zamanin Turawa: taro, sisi, sule, fataka (wato sule biyu), har anini mai huda. Na san na azurfa su ne waɗanda aka buga daga 1913 zuwa 1920, masu kan Sarki Joji na Biyar mai gemu, ga bishiyar kwakwar manja a bayan sule da fataka. Bayan nan tagulla aka koma yi. Ni nake koya wa yara wannan a Aboabo, shi ya sa abin yake ƙona ni.

A unguwar Alabar mai fatakan ya same ni. A'a, sai da ya fara turo hotuna ta WhatsApp, wai wani ya ba shi lambata. Dattijo ne, da furfura da carbi. Ya ce kakansa bafataken goro ne, suna rushe tsohon ɗaki suka tono tukunya. Ya ciro guda uku daga aljihu, biyu 1913, ɗaya 1916. Na kai wa maƙerin farfaru ya goga a dutse, ya ɗora a sikeli, giram 11 da ɗoriya, ya ce azurfa ce. Kuma azurfar ce! Ukun nan ba ƙarya a cikinsu.

Dattijon ya ce, "Alhaji, ni tsoho ne, me zan yi da haram? Kar ka buɗe a nan, idon mutane." Wannan maganar nake ta juyawa. Kar ka buɗe a nan. Fataka 40 a ƙulle cikin tsumma da leda, 160 kowace, an kira magariba, sahu ɗaya muka yi salla da shi, kafaɗa da kafaɗa. Na ba shi 4,000 a hannu, 2,400 ta MoMo, wato turin kuɗi ta waya. Ukun nan ma ya mayar aljihu, wai zai bar wa jikoki abin tunawa, ni kuma har da cewa Allah sarki.

Da na kwance a gida, sarkin ba gemu. Joji na Shida ne, 1938, 1946, 1947, shekarun da babu azurfa ko ɗigo a kuɗin Afirka ta Yamma. Ruwan azurfa aka yi musu aka shafa baƙi su yi kamar sun tsufa. Na goga ɗaya da toka, sai ga ɗorawa ta fito. Matata ta leƙo, ta dube ni, ta koma ba ta ce komai ba.

Tun daren layinsa a kashe. Sunan da ya fito a MoMo ma na mace ne. Zan sa hotunan hirarmu da shaidar turin kuɗin in na rufe lambobin, gobe kuma zan kai rahoto ga 'yan sanda.

Ku buɗe ƙulli a gaban mai shi, ku duba shekara ɗaya bayan ɗaya. Maganaɗisu ba ya kama tagulla kamar yadda ba ya kama azurfa, kar ku dogara da shi. An ce mini an ga mai kamarsa wajen Kejetia da ƙullin sule. Sidi 6,400, wallahi da hannuna.