Hattara da kwalbar “siramik” da ake tallatawa a intanet don goge mota

Jama'a, duk mai mota, ko wanda aka damƙa wa amanar motar wani, ya yi hattara da wata kwalba da ake ta tallatawa a Facebook da TikTok da sunan siramik, wato shafi mai tauri da ake yi wa mota don kare fentinta. Wai ka fesa, ka goge da tsumma, karce ya ɓace, fenti ya dawo sabo fil, kuma shekara da shekaru rana da ruwan sama ba za su ƙara taɓa shi ba. Shafukan suna da yawa, sunayensu na canzawa, amma bidiyon kusan ɗaya ne. Abin da ake ɗurawa a irin waɗannan kwalabe galibi man silikon ne da aka tsinka da sinadari mai saurin bushewa. Asarar kuɗin kwalbar ba ita ce babbar damuwata ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne fentin da ake lalatawa, da gilashin gaba da mutum zai shiga hanya da shi cikin dare.

Ku kalli bidiyon a natse. Mutum ya tsiyaya man laita a kan bonet, ya ƙyasta, wuta ta tashi na 'yan daƙiƙoƙi ta mutu, ya goge wurin ya nuna ko tabo babu. Abin da ya ci wutar tururin man ne, zafin kuwa sama yake tashi, ɗan abin da ya sauka ƙarfen bonet ya shanye shi. Bonet ɗin da ba a shafa wa komai ba ma haka zai fita, shi ya sa ba sa taɓa yin gwajin a ɓangaren da ba su fesa ba. Don Allah kada wani ya ce zai gwada a gida. Sai kuma ya juya gindin laitar ya goga a jikin ƙofa, layi ya fito, ya fesa ya goge, layin ya tafi. Wannan layin robar laitar ce ta manne a kan fenti, fentin bai ji komai ba, yatsa da ɗan sabulu ma za su cire ta.

Inda suka fi kama mutane shi ne wurin ƙananan karcen nan masu zagaye da ake gani a jikin baƙar mota idan rana ta haska ta. Waɗannan da gaske suna ɓacewa idan an fesa, kuma mai saye da idonsa zai gani a kan motarsa ranar farko. Dalilin mai sauƙi ne. Karce yana bayyana ne saboda gefunansa suna warwatsa haske. Idan mai ya cike ramin, haske ya wuce sumul, ido ya daina ganinsa. Ruwa ma haka yake yi. Ku lura lokacin wanki: mota tana jiƙe ba ka ganin karce, tana bushewa su dawo. Man silikon ya fi ruwa daɗewa ne kawai. Wanki biyu ko uku da sabulu, ya fita, karcen na nan inda yake. Zuwa lokacin an riga an roƙe ka ka rubuta yabo a ƙarƙashin tallar, wani kuma ya karanta yabon naka ya saya. Ɗigon ruwan da suke nunawa yana mirginawa a kan bonet shi ma ba shaida ba ce ta komai, kowane maiƙo yana sa ruwa ya dunƙule.

A jikin kwalbar za ku ga an rubuta 9H da manyan baƙaƙe, wani lokaci har da hoton lu'ulu'u, wato daimon. So suke ka ɗauka ma'aunin taurin duwatsu ne, wanda Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara a 1812, inda gilashi ke kusan 5.5, yashi 7, yaƙutu 9, lu'ulu'u 10. Alhali 9H na fensir ne. Masu gwajin fenti suna tura bakin fensira mai tauri daban-daban a kan shafi su ga wanne zai karce shi, 9H kuwa yana cikin mafi tauri a jerin fensiran. Fensir komai taurinsa bai kama ƙafar yashi ba. Ke nan ko siramik na gaskiya aka shafa wa mota, ƙwayar yashi ɗaya da ta maƙale a tsumma za ta karce shi. Duk wanda ya ce maka abinsa yana hana makulli ko tsakuwa taɓa fenti, ƙarya yake yi, ko kamfani ne ko ɗan talla.

Ba wai babu siramik na ƙwarai ba. Akwai, kuma yana da amfani: yana sa datti ya rage kama jiki, wanki ya yi sauƙi, kashin tsuntsu da ƙaron bishiya su rage saurin cin fenti. Amma kaurinsa bai wuce maikron 1 zuwa 2 ba (maikron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), kuma ba ya gyara karce, rufe shi yake yi yadda ya same shi. Shi ya sa aikinsa ke cin yini guda ko fiye: a wanke mota tas, a cire abin da ya manne, a goge fenti har karcen ya tafi, a share maiƙo da sifirit, sannan a shafa kaɗan-kaɗan a inuwa, a jira 'yan mintuna, a goge rarar, a hana ruwa taɓa motar na kusan awa 24. Yawanci a ƙaramar kwalba ta mililita 30 ko 50 yake zuwa. Kuma yana da alamar da ba ta ɓuya: ƙyallen da aka shafa shi da shi, washegari za ka same shi ya sandare, bakin kwalbar ma yakan yi ɓawo mai tauri. Ɗiga na ɗan tallar a kan ƙyalle ka ajiye kwana biyu. Idan ka dawo ka same shi da laushi da maiƙo, ka san abin da aka sayar maka. Akwai kuma na fesawa na gaskiya da kamfanoni ke yi, amma su suna faɗa ƙarara cewa watanni yake yi, ba sa alkawarin share karce.

Ɓarnar ta fi yawa a “kyautar” da suke haɗowa da kwalbar, wato ɗan bututun man cire karce da soso mai kaushi. Fentin mota hawa-hawa ne: shafin ƙasa da ke kama ƙarfe, sai launi, sai shafin sama marar launi wanda shi ne ke ƙyalli, shi ne kuma ke tare zafin rana. Duka jimlarsu a motar da ta fito daga masana'anta ba ta cika wuce maikron 100 zuwa 150 ba, kusan kaurin takarda ɗaya, shafin saman kuwa wajen 40 zuwa 50 ne. Duk gugar da ke cire karce da gaske, rage wannan shafin take yi har ya yi daidai da gindin karcen. Mai sana'a yana sane, yana ragewa da lissafi, wani ma da na'urar auna kauri a hannu. Wanda aka ba man da ba a san ƙarfinsa ba, aka ce masa ya dage da gogawa har layin ya tafi, sai ya dage. Wurin ya dushe, ya ƙara ƙarfi, can ya ga launin motar a jikin soson. A motar da ke da shafin sama, ganin launi a tsumma na nufin an huda shi, kuma ba ya tsirowa. Maganin da ya rage sai fesa sabon fenti a ɓangaren gaba ɗaya. Gefen ƙofa da kan lanƙwasar bonet sun fi saurin hujewa, don fentin wurin ya fi sirantaka. Ga gwaji kafin ka taɓa kowane karce: ja farcenka a kansa. Idan farce ya maƙale, ya yi zurfin da guga ba za ta fitar da shi lafiya ba.

Ko a wurin mai fenti ma silikon ɗin bai gama cutar da kai ba. Idan bai fita tas ba, sabon fenti yana gudun wurin, ya bar ƙananan ramuka masu zagaye a jiki. Saboda haka wanda ya riga ya fesa, ya gaya wa mai fenti tun kafin ya fara aiki, kada ya ɓoye.

Maganar gilashi kuwa ta wuce ado, ta shafi rai. Suna cewa kwalba ɗaya ta isa fenti da gilashi da fitila da taya. Maiƙon silikon a gilashin gaba da rana ba ka ganinsa. Bari dare ya yi, a fara yayyafi, ka kunna waifa: roba ta ja maiƙon ta shimfiɗa shi, fitilar kowace mota mai tahowa ta tarwatse a idonka, waifar na tsalle tana ƙara, mai tafiya a gefen titi ya ɓace maka. Akwai kuma wani ruwa da suke sayarwa na cire tabon ruwa a gilashi, ba a rubuta abin da ke ciki ba. Wasu irinsa suna ɗauke da asid ɗin haidrofulorik ko danginsa, wanda ke cin gilashi kansa ya bar hazo na dindindin. A fata ya fi muni, don yakan ratsa ciki ba tare da zafi nan take ba, sai bayan sa'o'i ciwon ya taso. Wanda irin wannan ya zubar wa a hannu, ya wanke da ruwa mai yawa ya nufi asibiti da kwalbar, kada ya tsaya jiran zafi. Gilashi ana goge shi ne da hoda ta musamman, sinadarin seriyam, shi ma ƙananan tabo kawai yake fitarwa. Idan aka matsa wa karce mai zurfi, gilashin ya lotsa a wurin ya riƙa karkata abin da kake gani.

Yadda suke karɓar kuɗi ma ya isa ya tsayar da mutum. Agogo na ƙirga mintuna wai rangwame zai ƙare, ka sake buɗe shafin gobe ka tarar ya koma farko. A ce ka sayi biyu a ba ka ɗaya. A ce ka tura kuɗi asusun wani mutum, ba na kamfani ba. Kwalbar ta iso babu adireshin wanda ya yi ta, babu lambar rukunin da aka sarrafa, babu jerin sinadarai, sai tutar Jamus ko Japan da garantin “har abada”. Ka nemi takardar bayanin haɗarin sinadarin, wadda kowane kamfanin kirki ke da ita, a daina amsa maka. Ka koma da ƙorafi bayan mako biyu, a ce ba ka shafa daidai ba, sai ka ƙara sayen wata. Ka matsa, a toshe ka. Wasu ma kwaikwayon tambarin sanannun kamfanoni suke yi, a canza harafi ɗaya.

Wanda ya riga ya shafa, ya wanke motar da sabulun mota sau biyu, ya bi gilashin gaba da sifirit a kan tsumma mai tsabta har ya daina santsi, ya goge robar waifa ita ma, idan ta ci gaba da shimfiɗa maiƙo ya sauya ta. Ya adana hoton tallar da shaidar biyan kuɗi, ya kai ƙarar shafin, ya sanar da bankinsa da wuri. Mai son kare fentinsa a gida kuwa, ya fara kwarara ruwa ya sauke ƙura kafin tsumma ya taɓa jiki, ya yi amfani da bokiti biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraye tsumma, ya yi aikin a inuwa jiki na sanyi, ya cire kashin tsuntsu ranar da ya gan shi. Ya sayi kakin mota daga dillalin da zai iya komawa wurinsa, ya sabunta shi bayan 'yan watanni. Kowane sabon abu kuma, ya fara gwada shi a ƙasan bamba ko cikin bakin ƙofa, ya jira ya ga yadda wurin zai kasance bayan wanki biyu kafin ya kai shi kan bonet.